Tambayoyi da Amsoshi kan Kundin Chaos A.D. na Sepultura da Sukarsa ga Zalunci a Birazil

A shekarar 1993 wasu matasa huɗu 'yan ƙasar Birazil suka fitar da kundin waƙoƙi mai suna Chaos A.D., wanda masu bibiyar kiɗan metal suke lissafawa cikin ayyukan da suka sauya alƙiblar wannan fanni. Kunnen da bai saba ba zai iya ɗaukarsa hayaniya zalla, alhali a cikinsa akwai maganar kisan fursunoni, da ƙwace wa 'yan asalin ƙasa filayensu, da gurɓata muhalli, da zaluncin jami'an tsaro. Ga amsoshin tambayoyin da mai son fahimtar kundin zai fi buƙata.

Su wane ne Sepultura?

Ƙungiyar makaɗa ce da wa da ƙani, Max Cavalera da Igor Cavalera, suka kafa a birnin Belo Horizonte a 1984, lokacin da dukansu biyu ba su kai shekara 16 ba. Mahaifinsu ma'aikacin ofishin jakadancin Italiya ne, kuma rasuwarsa tun suna ƙanana ta jefa gidan cikin ƙunci bayan sun taso cikin wadata. Sun fara da kayan kiɗa masu arha, suna kwaikwayon ƙungiyoyin Turai da Amurka, wani ƙaramin kamfani na garinsu mai suna Cogumelo yana buga musu faifai. Kundin Beneath the Remains na 1989 da Arise na 1991, waɗanda kamfanin Roadrunner ya fitar, su ne suka kai sunansu ƙetare.

Lokacin da aka naɗi Chaos A.D., Max ne mai rera waƙa yana kuma kaɗa gita, Andreas Kisser ne babban mai gita, Paulo Jr. yana riƙe da gitar bes, Igor kuma yana kan ganguna. An yi naɗin a sutudiyon Rockfield da ke yankin Wales na Birtaniya ƙarƙashin kulawar Andy Wallace, kuma kundin ya ƙunshi waƙoƙi 12.

Mene ne metal mai tsanani, kuma me ya sa ake rera shi da kururuwa?

Metal kiɗa ne da aka gina a kan gitar lantarki wadda ake murɗa sautinta da gangan har ya yi kauri da kaushi. A shekarun 1980 wasu rassansa suka ƙara gudu da nauyi, mawaƙan suka daina rerawa da zaƙin murya suka koma ruri daga maƙogwaro, kuma waɗannan rassan ne ake haɗawa a kira metal mai tsanani. Sepultura ta fito daga cikinsu, sai dai a Chaos A.D. ta rage gudu, ta sassauta tsirkiyar gita don sautin ya yi ƙasa, ta bar kowane bugu ya sauka da nauyinsa. Wannan sauyi ya sa kalmomin Max suka fi fitowa fili fiye da yadda suke a kundayen baya.

Game da kururuwar, ra'ayina shi ne ta dace da abin da ake faɗa. Wanda yake ba da labarin mutane 111 da aka kashe a cikin ɗakunan kurkuku yana da hujjar ƙin tausasa murya, domin tausasawar tana iya zama rufa-rufa. Ba dole ne kowa ya ji daɗin sautin ba, amma adalci ne a gane cewa zaɓi ne aka yi da sani, ba gazawar iya waƙa ba.

Wane hali Birazil take ciki sa'ad da aka rubuta waƙoƙin?

Ƙasar ta fito daga mulkin soja wanda ya ɗauki shekara 21, daga 1964 zuwa 1985, kuma 'yan ƙungiyar duka a ƙarƙashinsa aka haife su. Dawowar mulkin farar hula bai kawo sauƙin da aka yi tsammani ba. Fernando Collor de Mello, shugaban farko da jama'a suka zaɓa kai tsaye bayan tafiyar soja, ya sauka a Disamban 1992 yayin da majalisa take shari'ar tsige shi bisa zargin cin hanci. A 1993 hauhawar farashi ta haura kashi 2,000 cikin ɗari, har albashin ma'aikaci yakan lalace a hannunsa kafin wata ya ƙare.

Abin da ya fi muni shi ne cewa rundunar 'yan sanda mai tsarin soja, wadda aka gada daga zamanin kama-karya, ta ci gaba da ɗabi'unta a unguwannin talakawa. A watan Yulin 1993 aka harbe yara da matasa takwas marasa galihu da suke kwana a gaban majami'ar Candelária a Rio de Janeiro, kuma daga baya kotu ta samu wasu 'yan sanda da laifin. A watan Agusta aka kashe mutane 21 a unguwar Vigário Geral. Waɗannan biyun sun auku ne dab da fitowar kundin, don haka duk ɗan Birazil da ya saurare shi a lokacin ya san ba almara ake rera masa ba.

Wace waƙa ce ta fi fito da sukar a fili?

Waƙar Manifest ce. An tsara ta kamar rahoton rediyo, murya tana karanta labari a kan kiɗa mai tsinkewa da dawowa, kuma ta ambaci ranar da wurin ba tare da kewaye-kewaye ba: Juma'a, 2 ga Oktoban 1992, a kurkukun Carandiru da ke São Paulo, wanda a lokacin shi ne mafi girma a Kudancin Amurka.

Abin da ya faru shi ne, faɗa ya ɓarke tsakanin fursunoni a ɓangare na 9 na gidan. Gidan gaba ɗaya a lokacin yana ɗauke da mutane fiye da 7,000, wato fiye da ninki biyu na adadin da aka gina shi dominsu. Aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma ƙarƙashin Kanar Ubiratan Guimarães. Sa'ad da suka fito, fursunoni 111 sun mutu bisa lissafin hukuma, mafi yawansu da harsashi, kuma ba a rasa ɗan sanda ko ɗaya ba. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa an harbe mutane a cikin ɗakunansu bayan sun miƙa wuya. Washegari ranar zaɓen ƙananan hukumomi ce, kuma ba a bayyana cikakken adadin mamatan ba sai da jefa ƙuri'a ya kusa ƙarewa.

Darajar waƙar tana cikin waɗanda ta zaɓa ta tsaya wa. Fursuna mutum ne da jama'a suka riga suka yanke wa hukunci a zukatansu, kuma a Birazil ta wancan lokaci akwai mutane da dama da suka yaba wa 'yan sandan a fili. Sepultura ba ta ce mamatan salihai ne ba. Abin da ta ce shi ne hukuma ta karkashe mutanen da suke amana a hannunta, kuma ta faɗi hakan ga masu sauraro a Turai da Amurka da Japan waɗanda da yawansu ba su taɓa jin sunan Carandiru ba.

An hukunta waɗanda suka yi kisan?

Shari'ar ta yi ta jan ƙafa. A 2001 aka yanke wa Kanar Ubiratan ɗaurin shekara 632, amma yana waje yana ɗaukaka ƙara, har aka zaɓe shi ɗan majalisar jihar São Paulo a 2002. A farkon 2006 kotu ta soke hukuncin, kuma a cikin shekarar aka tsinci gawarsa a gidansa da harbin bindiga. Tsakanin 2013 da 2014 aka samu 'yan sanda 74 da laifi, a 2016 wata kotu ta rushe hukuncin, a 2021 babbar kotu ta dawo da shi, sannan a Disamban 2022 Shugaba Jair Bolsonaro ya sa hannu a kan afuwar da ta shafe su. Shi kuwa ginin, an rufe shi an fara rushe shi tun 2002.

Akwai wani sakamako da ya fi wannan ɗaci. Ƙungiyar masu laifi ta PCC, wadda ta zama mafi ƙarfi a ƙasar, an kafa ta ne a wani kurkukun jihar São Paulo a 1993, kuma ta riƙa kafa hujja da kisan Carandiru wajen jawo fursunoni cikinta.

Waƙar Kaiowas ba ta da kalmomi. Ta yaya ta zama suka?

Wannan ita ce waƙar da ta fi ba mutane mamaki a kundin, domin babu lantarki a cikinta, babu ruri, sai gitoci na katako da ganguna. An naɗe ta a kangon fadar Chepstow da ke Wales, a sarari, har ana jin kukan tsuntsayen teku a farkonta. Sunanta da bayanin da ƙungiyar ta yi a kanta su ne suka ɗauki saƙon: an sadaukar da ita ga al'ummar Guarani-Kaiowá.

Mutanen nan 'yan asalin ƙasa ne da suke zaune a jihar Mato Grosso do Sul, kusa da iyakar Paraguwai. A cikin ƙarni na 20 aka tattara su a ƙananan keɓaɓɓun yankuna, irin na Dourados, aka mayar da dazuzzukan kakanninsu wuraren kiwon shanu da gonakin waken suya da rake. Wasu sun ƙare a bukkokin leda a gefen titi, suna kallon ƙasarsu ta bayan shingen waya. Daga shekarun 1980 aka fara samun yawaitar kashe kai a tsakaninsu, musamman matasa, kuma labarin wannan musiba ne ya kai ga 'yan Sepultura.

Kundin tsarin mulkin Birazil na 1988 ya amince da haƙƙin 'yan asali a kan filayen gado, ya kuma ba gwamnati shekara biyar ta kammala shata iyakokinsu. Wa'adin ya cika a Oktoban 1993, daidai lokacin da Chaos A.D. yake shiga kasuwa, kuma aikin bai kammalu ba. Shekara goma bayan haka, a 2003, aka yi wa Marcos Verón, ɗaya daga shugabannin Kaiowá, dukan da ya yi ajalinsa bayan ya jagoranci mutanensa komawa ƙasar gadonsu. A ganina, barin waƙar babu kalmomi hikima ce, domin samari huɗu 'yan birni ba su da hurumin sanya magana a bakin al'ummar da ba tasu ba, amma suna da ikon ambaton sunanta a inda ba a taɓa ambata ba.

Me Refuse/Resist da Territory suke cewa?

Refuse/Resist ce ta buɗe kundin. Sautin farko da ake ji bugun zuciyar ɗan Max ne, Zyon, wanda aka naɗa tun yana cikin mahaifiyarsa, sai ganguna su biyo baya. Waƙar tana zana tituna cike da tankokin yaƙi da jami'an tsaro suna arangama da jama'a, tana kiran mai sauraro ya ƙi miƙa wuya. Ba ta ambaci ƙasa ba, shi ya sa ta karɓu a wurare da yawa.

Territory tana magana a kan shugabannin da suke hura wutar ƙiyayya, suna sarrafa labarai, suna tura talakawa su mutu saboda yanki. Kalmominta ma ba su ambaci kowa ba, amma bidiyonta an ɗauke shi a Isra'ila da yankunan Falasɗinawa, kuma ya fito a shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, bayan shekara shida ana boren Falasɗinawa na Intifada na farko. Waƙar ta ɗora laifin a kan masu mulki gaba ɗaya ba tare da ta bambanta mai mamaya da wanda aka mamaye ba, kuma mai sauraron da yake ganin wannan bambanci shi ne ainihin maganar yana da dalilin cewa ta tsaya a rabin hanya.

Shin duk abin da kundin ya faɗa gaskiya ne?

A'a, kuma wurin da ya fi rauni shi ne Biotech Is Godzilla, wadda mawaƙin Amurka Jello Biafra na ƙungiyar Dead Kennedys ya rubuta kalmominta. Akwai ɓangarenta mai tushe. Ta ambaci taron muhalli na duniya da aka yi a Rio a Yunin 1992, tana zargin an kwashe marasa matsuguni daga tituna don kada baƙi su gan su. Ta ambaci Cubatão, garin masana'antu kusa da São Paulo, wanda a shekarun 1980 ya yi ƙaurin suna wajen gurɓatacciyar iska da haihuwar jarirai masu nakasa. Ta kuma yi gargaɗi kan kamfanonin da suke kwasar tsirran dajin Amazon don riba, wanda batu ne na haƙiƙa.

Sai dai waƙar ta jefa shaguɓen cewa cutar ƙanjamau tana iya zama ƙirar ɗakin bincike, kuma wannan ba shi da madogara, domin binciken kimiyya ya nuna ƙwayar cutar ta tsallako ne daga birai zuwa mutane tun farkon ƙarni na 20. Irin wannan jita-jita ta jawo asarar rayuka a wuraren da mutane suka guji gwaji da magani saboda ita. Kundin ya fi ƙarfi a inda ya riƙe rana da wuri da sunan waɗanda aka zalunta, ya kuma yi sako-sako a inda ya bi zato.

Akwai kuma The Hunt, wadda asalinta ta ƙungiyar New Model Army ce ta Ingila. Tana magana da muryar mutanen unguwa da suka fita farautar masu laifi saboda hukuma ta gaza. Sanya ta a kundi ɗaya da Manifest yana barin mai sauraro da tambaya mai wuya, tunda ɗaukar doka a hannu shi ne hujjar da masu kashe yaran titi suke fakewa da ita.

Ba irin wannan kiɗan ake dangantawa da bautar Shaiɗan ba?

Tambayar tana da asali. Wasu ƙungiyoyin metal sun yi amfani da alamomin Shaiɗan, kaɗan da gaske, mafi yawa don tsokana. Ita kanta Sepultura, a faifanta na farko da kundin Morbid Visions na 1986, ta rera irin waɗannan kalmomi tana kwaikwayon na ƙetare, lokacin 'yan ƙungiyar suna samari da ƙyar suke haɗa jimlar Turanci. Sun bar wannan hanya tun kafin 1990, kuma babu ita a Chaos A.D.

Waƙar da ta taɓa addini a kundin ita ce Amen, kuma abin da take suka shi ne zubar da jini da sunan Ubangiji. Max ya sha bayyana cewa ya yi imani da Allah, har yakan sadaukar da kundayen ƙungiyar da ya kafa daga baya, Soulfly, gare Shi. Hukuncin sauraron kiɗa a addini magana ce ta malamai, kuma kowa ya san inda yake neman fatawa. Abin da za a iya tabbatarwa a nan shi ne abin da kalmomin suka ƙunsa.

Me ya sa suka yi waƙa da Turanci alhali harshen ƙasarsu Fotugis ne?

Wannan suka ce da aka daɗe ana yi musu. Fursunan Carandiru da matashin Kaiowá ba za su fahimci kalmomin ba sai an fassara musu, kuma an naɗi kundin a Birtaniya, kamfanin waje ya buga shi, Max ma a lokacin ya koma zama a Phoenix ta Amurka. Duk wannan gaskiya ne. A ɗaya ɓangaren, Turancin ne ya kai kundin matsayi na 32 a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, abin da ya sa labarin ya shiga kunnuwan da jaridun Birazil ba sa kaiwa, kuma gwamnatoci sun fi jin kunyar baƙo fiye da ta ɗan gida. A wasu bugu na kundin an ƙara waƙar Polícia ta ƙungiyar Titãs, wadda suka rera da Fotugis, tana tuhumar amfanin 'yan sandan da suke tsoratar da waɗanda ya kamata su kare.

Daga ina salon gangunan ya fito?

A wannan kundi ne Igor ya fara shigo da bugun gida cikin metal, musamman irin na ƙungiyoyin makaɗan birnin Salvador da ke jihar Bahia, wadda ita ce cibiyar al'adun baƙaƙen fatar Birazil. Kakannin waɗannan mutane bayi ne da aka kwaso daga Afirka, da yawansu daga yammacinta, kuma cikinsu akwai Hausawa, waɗanda tarihi ya rubuta cewa sun jagoranci yunƙurin tawaye a Bahia a 1807 da 1814, kafin boren Musulmin Malê na 1835. Shigo da wannan bugu shi ma matsayi ne, domin har zuwa lokacin ana ɗaukar metal kayan Turawa ne da sauran duniya take kwaikwaya, sai ga ƙungiya daga ƙasa mai tasowa tana cewa abin da take da shi a gida ya isa a gina sabon salo a kansa.

Me ya biyo bayan kundin?

A 1996 suka fitar da Roots, inda suka zurfafa wannan hanya, har suka je ƙauyen al'ummar Xavante a jihar Mato Grosso suka naɗi waƙa tare da su. A ƙarshen shekarar Max ya bar ƙungiyar sakamakon saɓani kan manajarsu, wadda matarsa ce. Ba'amurke Derrick Green ya maye gurbinsa, Igor ya fita a 2006, sannan a Disamban 2023 Sepultura ta sanar da rangadin bankwana bayan shekara 40. Salon da ta buɗe a Chaos A.D., na rage gudu da ƙara nauyi, ya yi tasiri a kan ƙungiyoyin metal da dama da suka taso a ƙarshen shekarun 1990.

Daga ina ya kamata sabon mai sauraro ya fara?

Ya fara da Kaiowas, domin ba ta buƙatar sabo da ƙarar gitar lantarki, kuma za ta nuna masa cewa makaɗan sun san aikinsu. Daga nan ya karanta labarin Carandiru, ya nemi kalmomin Manifest a rubuce ya riƙa bi yana sauraro, tunda an murɗa muryar yadda ko mai jin Turanci sosai zai iya rasa wasu kalmomi. Bayan waɗannan biyun sai ya koma farkon kundin ya bi shi a jere, wanda bai kai minti 50 ba, ya kuma rage ƙarar na'ura idan da abin sawa a kunne yake sauraro.